Farin Kwalin Maganin Kaka

A unguwar Didaouré, cikin garin Sokodé, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko, tana da ƙoƙari a allo. Matsalarta ɗaya ce: bakinta ba ya ajiye magana. In ta ga abu da safe, kafin azahar duk gida an ji shi, har da ƙarin gishiri.

Babban abokinta a duniya shi ne kakanta, Alhaji Na'Allah, mahaifin mamarta. Yana zaune a Dapaong, can arewa, tafiyar awa biyar a mota. Shekara arba'in ke nan yana fataucin shanu. Kullum da yamma sai ta ari wayar Mama ta aika masa da saƙon murya. Shi kuma ya mayar mata da tsokana, irin ta kaka da jika.

"Amaryata, yau me kika dafa mini?"

"Ni ba na son miji mai farin gemu, Kaka!"

"To zan rina shi da shuni."

Haka suke yi, Mama tana jin su tana dariya.

Kaka yana da wani ciwo da likitoci suke kira gut. In ya tashi, babban yatsan ƙafarsa sai ya kumbura ya yi ja. Ko mayafi ne ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Amma shekara biyu ciwon bai tashi ba, don kullum yana shan ƙwaya ɗaya bayan karin kumallo. Kawun yarinyar ne yake aiko masa da maganin daga Lome, a cikin wani kwali shuɗi mai rubutun ruwan zinariya. Da aiki ya kai Kawu wata ƙasa, sai sayen maganin ya dawo hannun Mama.

A daidai lokacin ne Malam Awwal, malaminsu na allo, ya yi wa yarinyar albishir. Ya ce ta kusa sauke Alƙur'ani, kuma an sa ranar walima. Da gudu ta dawo gida ta sanar da Kaka.

"Alhamdu lillahi!" in ji Kaka. "Zan zo. Da ƙafata zan rako ki daga makaranta har ƙofar gida. Ni ne a gaba, kowa ya bi baya."

Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Babu wanda ba ta gaya wa ba, har da mai sayar da ƙosai a bakin titi.

Wata Laraba da yamma ta raka Mama farmasi. Mama ta miƙa takardar likita tare da tsohon kwali shuɗi. Mai farmasin, Tanti Nafissatou, ta ɗauko kwali biyu ta ajiye, ɗaya shuɗi, ɗaya fari. Ta fara yi wa Mama bayani a tsanake.

Yarinyar fa? Tana can kan sikelin awo. Ta hau da takalmi, ta sauka, ta sake hawa ba takalmi. Cikin duk bayanin Tanti, kalma ɗaya ce ta shiga kunnenta: araha.

Mama ta sayi farin kwali guda uku, maganin wata uku ke nan. Daga nan suka wuce tasha. Suka ba wani direban Dapaong saƙon, tare da lambar wayar Kaka.

Suna isa gida yarinyar ta ɗauki waya.

"Kaka, albishirinka! Maganinka yana hanya. Amma ka shirya, na araha Mama ta saya maka! Farin kwali ne fes, ko zane babu, kamar kwalin allinmu na lakwal. Shuɗin yana nan a farmasi, da idona na gan shi, amma ta bar shi."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta aika.

Amsar Kaka ba ta yi tsawo ba. "To, amaryata. Allah ya yi albarka." Ko zancen gemu bai yi ba. Ita kuwa ba ta lura ba, hankalinta ya riga ya koma kan ɗinkin walima.

Wasa take yi. Amma ta manta da wanda take yi wa wasan. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kasuwar shanu ba ya jin kalmar araha ya yi murna. In aka yi masa tayin saniya da kuɗi kaɗan, sai ya ja da baya, don ya sha ganin irinta ta faɗi a hanya.

Bayan sati uku, ana cin abincin rana, wayar Mama ta yi ƙara. Hajiya Jumma ce, kakar yarinyar. Hannun Mama da miya, don haka ta sa wayar a amsa-kuwwa.

"Ciwon babanku ya tashi," in ji Hajiya. "Tun jiya bai taka ƙasa ba. Ko silifa ba ya iya sawa."

"Subhanallahi! Yana shan maganin kuwa?"

"Ina fa! Yana can bisa durowa, ko buɗe shi bai yi ba. Ya ce an gaya masa na araha ne. Ya hana ni faɗa miki, wai kada ranki ya ɓaci."

"Kun je asibiti?"

"Mun je da safe. Likita ya ba shi na sauke kumburi. Ya ce lalle ya koma wa na kullum. Shi kuma ya ce sai dai shuɗi. An zaga Dapaong ba a samu ba. In haka ya ci gaba, ban ga zuwansa walima ba."

Mama ta ce, "Wa ya gaya masa na araha ne?"

Lomar da ke hannun yarinyar ta koma cikin kwano. Saura kwana goma sha shida walima.

Da Mama ta ajiye waya, yarinyar ta matso kusa da ita.

"Mama, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na gaya wa Kaka. Wasa nake yi, wallahi."

Mama ta nemo saƙon ta saurara. Dariyar da ke ƙarshensa ta cika ɗakin. Yarinyar ta ji kamar ta nutse don kunya.

"Kin ji bayanin da Tanti ta yi mini ranar nan?" Mama ta tambaye ta.

"A'a."

"Kin tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi farin?"

"A'a, Mama."

"Wato ba ki ji ba, ba ki tambaya ba, amma kika kai labari har Dapaong. Yanzu ga babana a kwance, kuma yana zaton na yi masa rowa."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ba walimar kaɗai take yi wa kuka ba. Tunanin Kaka a kwance yana jin zafi saboda ita, shi ya fi yi mata ciwo.

Mama ta bar ta ta yi kukanta. Sannan ta share mata hawaye da gefen zane.

"Ya isa haka. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Gobe in kin taso lakwal mu koma farmasi. Wannan karon ba hawa sikeli."

Washegari suka je. Tanti Nafissatou ta ji duk labarin. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko kwalayen biyu ta jera su a gaban yarinyar.

"Manta da babban rubutu. Karanta mini ƙaramin da ke ƙasansa."

Yarinyar ta duba shuɗin. "Alopurinol. Ɗari uku."

"Farin fa?"

"Alopurinol. Ɗari uku." Ta ɗago kai. "Tanti, ai iri ɗaya ne!"

"Iri ɗaya ne. Wannan shi ne sunan maganin na gaskiya, lambar kuma ƙarfinsa ce. Babban rubutun zinariyan nan suna ne kawai da kamfani ya raɗa wa nasa. Farin kuwa shi muke kira jenerik."

"To me ya sa ya fi araha?"

"Maganin nan tsoho ne, ya girmi mamarki. Kamfanin da ya fara yin sa an ba shi wasu shekaru shi kaɗai yake sayarwa, don ya mayar da abin da ya kashe wajen bincike. Shekarun nan sun ƙare tuntuni. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin sa. In masu sayar da abu suka yi yawa a kasuwa, me yake faruwa?"

"Farashi ya sauka."

"Yawwa, kin gane."

"To shuɗin me ya sa bai sauka ba?"

"Shi ana biyan kuɗin sunansa, da kwalinsa mai ƙyalli, da tallan da aka yi masa. Akwai kuma hanya. Magani yana hawa jirgi, ya sauka Lome, ya hau mota ya zo nan. Duk hannun da ya bi sai an ɗora wani abu. Shi ya sa kuɗinsa a wannan farmasi zai iya bambanta da na wani gari. Wani lokaci ma farin yakan hau, in kaya suka yi ƙaranci. Kuma ki riƙa duba yawan ƙwayoyin da ke ciki, don wani kwalin ya fi wani yawa."

Yarinyar ta yi tunani. "Tanti, duk magani mai araha yana da kyau ke nan?"

"A'a! Ki riƙe wannan da kyau. Wanda ake tallansa a faranti a kasuwa, rana tana dukansa, ba a san inda ya fito ba, wannan ki guje shi ko kyauta ne. Namu an duba shi kafin ya shigo. A farmasi ake sayen magani, da takardar likita."

Suka yi godiya. A hanya yarinyar ta ce, "Mama, in aika wa Kaka saƙo yanzu?"

"A'a. Wannan maganar ba ta waya ba ce. Asabar za mu tafi."

Da yamma ta je makarantar allo ta nemi izini wajen Malam Awwal. Ta gaya masa gaskiyar abin da ya faru.

"Na ji daɗi da ba ki ɓoye ba," in ji Malam. "In kika yi kuskure a karatu, me nake sa ki yi?"

"In koma farkon aya."

"To je ki koma farko. Allah ya ba Alhaji lafiya."

Ranar Asabar da sassafe suka shiga mota. Suka hau duwatsu, suka gangara. Suka tsallake gadar Mango. Yarinyar da ba ta iya shiru, ranar ko gyaɗa ba ta nema ba. Tana ta juya bayanin Tanti a ranta. Ta san in ta ce wa Kaka "kamfani" da "jenerik", zai juya mata baya ne kawai.

Suna wuce Bombouaka, wata babbar mota ta gifta su, cike da shanu, ta nufi kudu. Yarinyar ta bi ta da kallo har ta ɓace. Sai ta yi murmushi, karo na farko cikin kwana uku.

Sun tarar da Kaka a ƙarƙashin mangwaro, a tsakar gida. Ƙafarsa tana kan matashi, yatsan ya yi suntum. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kaka, ka yafe mini. Na faɗi abin da ban sani ba."

"Tashi, amaryata. Gaskiya kika faɗa. Na araha ne ko ba na araha ba ne?"

"Na araha ne."

"To shi ke nan. Ni ba na zuba abin araha a cikina."

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya Jumma ta taɓa ta. Suka koma gefe suka zauna.

A bakin garke akwai wani jan bijimi a ɗaure, yana tuƙa. Yarinyar ta nuna shi.

"Kaka, wancan na sayarwa ne?"

"Sati mai zuwa zai tafi Lome."

"Me ya sa ba za ka sayar da shi a nan ba?"

Kaka ya gyara zama. In dai zancen shanu ne, ko yana ciwo sai ya yi.

"Ke yarinya ce. A Lome ya fi kuɗi nesa ba kusa ba."

"A hanya yake ƙara ƙiba?"

"Ƙiba? Ramewa ma yake yi! Kwana da yini a tsaye cikin mota."

"To me ya sa ya fi tsada a can?"

"Kuɗin mota fa? Masu rakiya fa? Dillali fa? Kowa sai ya ci nasa."

"Wato wanda ya saye shi a Dapaong da sauƙi, mugun nama ya saya?"

"Wa ya ce? Ai shi ya ci riba. Bijimin dai shi ne."

Hajiya Jumma ta rufe baki da gyale. Kaka ya harare ta, ya dawo da kallonsa kan jikarsa.

"Saura tambaya ɗaya, Kaka. Ranar da fatake suka cika kasuwa da shanu, kowa yana neman mai saye, me yake faruwa?"

"Farashi ya zube. Ranar ba ma dariya."

"Shanun ciwo suke kamuwa da shi ranar?"

Kaka ya shafa gemunsa.

"Haka maganinka yake," in ji yarinyar. "Da can mutum ɗaya ne yake sayar da shi. Yanzu fatake sun cika kasuwa. Shuɗin kuma an ɗaura masa igiya mai kyau ne kawai."

"Tsaya," in ji Kaka, ya ɗaga yatsa. "Akwai saniyar da arahar tata ta ciwo ce. Na sha gani."

"Akwai. Tanti ma ta faɗa. Shi ne maganin faranti na kasuwa. Kai yaya kake gane lafiyayyar saniya?"

"In buɗe bakinta in duba haƙora. In duba ido da kofato. Ba na duba igiya."

"To ga haƙoran magani."

Ta ruga ɗaki ta hau kujera, ta sauko da farin kwali daga bisa durowa. Mama ta miƙo mata tsohon shuɗin daga jaka. Ta ɗora su a cinyar Kaka, ta nuna masa ƙaramin rubutun.

Kaka ya iya ajami, amma bai yi boko ba. Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a kan harafin farko na shuɗin, ya nemo ɗan'uwansa a farin. Ya matsa na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Da ya zo kan lambar, ita kam ya san ta.

"Ɗari uku," ya ce. "Nan ma ɗari uku."

Ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sai kawai ya fashe da dariya, har ƙafar ta motsa ya ce, "Wash!"

"Shekara arba'in ina yi wa mutane dariya in sun sayi igiya sun bar bijimi. Yau ga ni! Hajiya, kawo ruwa."

Ya sha ƙwayarsa kamar yadda likita ya ce. Sannan ya juya wajen Mama. Ita ce 'yarsa ta fari, ba ya kiran sunanta.

"Ke kuma, na zarge ki a raina ba ki da laifi. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba," in ji Mama. Idonta ya kawo ruwa, amma murmushi take yi.

Ranar Lahadi suka koma Sokodé. Kullum da safe yarinyar tana aika saƙo: "Kaka, ka sha?" Shi kuma ya amsa: "Na sha, likita." Ranar Alhamis ya ce ya sa silifa. Bayan kwana uku ya ce ya taka har masallaci.

Ranar walima ta zo. Makarantar Malam Awwal ta cika maƙil. Yarinyar ta sha farin hijabi, allonta ya sha zayyana. Tana ta leƙen ƙofa. Ana gab da farawa sai ta ji muryar da ta sani.

"Ina amaryata? A ba ni hanya!"

Ga Kaka cikin babbar riga, ƙafafunsa biyu cikin takalmi sau-ciki. Ko sanda bai riƙe ba.

Ta yi karatunta ba gargada. Malam Awwal ya yi addu'a, aka shafa. Sannan aka ɗunguma zuwa gida. Kaka ne a gaba, kamar yadda ya yi alkawari. Takunsa har ya fi na yara sauri. Mai ƙosai ta ɗaga musu hannu daga bakin titi.

A ƙofar gida yarinyar ta ga wani farin rago a ɗaure, da igiya duk ta tsufa.

"Kyautarki ce," in ji Kaka. "Amma in gaya miki gaskiya, da araha na same shi. Kina so, ko in koma da abina?"

Yarinyar ta miƙa wa Mama allonta. Ta naɗe hannun riga.

"Tsaya tukuna, Kaka. Bari in duba haƙoransa."

Duk wurin aka kwashe da dariya. Kaka ya fi kowa.

Da aka zo cin abinci, Hajiya Jumma ta sa masa tsoka ɗaya tak, don likita ya ce ya rage nama. Ta ajiye masa babban kofin ruwa a gefe. Kaka ya dubi jikarsa yana neman taimako. Ita kuwa ta girgiza kai, ta tura masa kofin.

Tun daga ranar yarinyar ta koyi abu biyu. Tsada ba ita ce ke nuna kyawun magani ba; a duba sunansa da ƙarfinsa, a saya a farmasi, a tambayi masu sani. Kuma kafin ta kai wa wani labari, sai ta saurara har ƙarshe, ta tambaya, ta tabbata ta gane.

Surutu dai ba ta daina ba. Amma yanzu in ta ɗauki wayar Mama, takan ɗan tsaya ta yi tunani kafin ta danna.